Ranar da Kapembwa Ya Gyara Faifan Kurayen Tagulla

Ga ta nan tafe, ku matso ku karɓe ta da ɗuminta.

A garin Kitwe, a unguwar masu haƙar tagulla, an yi wani dattijo mai suna Kapembwa, wanda aka fi kira Baban Lombe. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sassaƙa ƙarfe a kan injin juyi, kuma da ya ajiye aiki bai ajiye hannu ba. Ya gyara famfon maƙwabciyarsa mai tuyar fanke, famfon ya koma fitar da iska. Ya gyara keken fasto, keken ya riƙa juyawa hagu shi kaɗai, har ya zama fasto ba ya iya ziyartar kowa sai mutanen hagun layi. Idonsa ya yi rauni amma ya ƙi tabarau, wai gwani da yatsa yake gani.

A gidansa akwai faifan garmaho guda biyu. Na farko nasa ne. An ba shi a shekarar da sashensu a wurin aiki ya yi wata goma sha biyu ba wanda ya ji rauni. Jawabin wani babban ma'aikaci ne a kan dokokin kiyaye haɗari, kashi huɗu, a kashi na biyar kuma aka karanto sunayen ma'aikatan sashen. Sunan Kapembwa ne na goma sha tara. Duk baƙon da ya shigo sai ya saurari faifan nan tun daga farko har a zo kan sunan, shi ya sa masu gaisuwa suka koma yi daga bakin shinge.

Faifai na biyu na matarsa ne, Maman Lombe. Na Kurayen Tagulla ne, wasu samari biyar 'yan ramin haƙa da suka ɗauki jita da ganguna a zamanin wando mai faɗin ƙafa, suka yi kiɗan rok mai tsage kunne har garin ya haukace. Faifai ɗaya tak suka fitar. Mawaƙinsu, Nkandu, yayan Maman Lombe ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya daɗe da rasuwa. Sauran faifan da ke garin rana ta lanƙwasa wasu, yara sun yi wasa da wasu, sai wannan kaɗai ya rage, a ƙasan akwatinta tsakanin zannuwa. Ko hoton yayanta ba ta da shi. Muryar nan da ke kan faifan ita ce duk abin da ya bar mata.

Tsofaffin masoyan Kuraye suna da ƙungiya. Duk Asabar bayan azahar sukan taru a gindin mangwaro, a bayan zauren taron unguwa, su yi gardama a kan wace waƙa ta fi wace. Suna da garmaho guda, da allura guda wadda sakatarensu Jere yake yawo da ita cikin kwalin ashana, da kaset ɗin bidiyo na tarihin Kurayen da mutanen talabijin suka taɓa shiryawa. Jere mutumin gabas ne, Kapembwa na arewa, don haka abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na da izinin zagin kowa har a wurin jana'iza.

Da faifan ya cika shekara talatin, ƙungiya ta shirya biki. Aka aika wa tsoho Sikazwe, makaɗin gangunan Kuraye, wanda shi kaɗai ya rage a raye, ya ce zai taso daga Mbala. Za a sa faifan Maman Lombe a gabansa, sannan a nuna fim.

A nan Kapembwa ya miƙe a gindin mangwaro ya ce shi fa yana da magana. Ya ce shekara talatin ke nan ana jin faifan nan a birkice. Fuskar farko waƙa biyar ce, kuma kowa ya san labarin yinin ma'aikaci take bayarwa. To me ya sa waƙar "Mu Koma Gida" ta zo farko, sannan "Barcin Gajiya", sannan sauran, waƙar "Jiniya" kuma ta zo ƙarshe?

"Wane ma'aikaci ne ke komawa gida kafin jiniya ta kira shi aiki?" in ji shi.

Jere ya ce, "Zauna, mai cin biri. Shekara talatin muna rawa da shi a haka, ba wanda ƙafarsa ta karye."

"Ai ku da ƙafa kuke sauraro, mai cin ɓera. Ni da nake cikin su na san kuskuren masu buga faifai ne."

Cewa yana cikin su kuwa, gaskiyarta ita ce ya taɓa ɗaukar musu akwatin lasifika daga mota zuwa dandali. Kuma a fim ɗin, a wurin wani tsohon wasa, ana ganin ƙeyar wani mutum na tsawon numfashi biyu, wadda Kapembwa ya rantse tasa ce. Duk ranar da aka ba shi aron kaset, da an zo kan ƙeyar yakan mayar baya ya sake kallo, har bai taɓa tsayawa ya saurari abin da ke gaba da ita ba.

Wani ya ce in dai jerin waƙoƙi ne matsalar, ai sai a riƙa ɗaga allura ana sauke ta inda ake so. Kapembwa ya dube shi da tausayi. Ya ce wannan aikin raggo ne, gyara kuwa a jikin abu ake yinsa. Bai ƙara bayani ba. A zuciyarsa dai ya riga ya hango tsoho Sikazwe yana riƙe da hannunsa a gaban jama'a yana hawaye, yana cewa ga mutumin da ya gane mu.

Ranar Laraba ya tunkari matarsa tana tuƙa tuwon masara. Ya ce ta ba shi faifan ya goge masa ƙura kafin Asabar. Ta daina tuƙi, ta dube shi, ta tambaye shi ko irin gugar da ya yi wa agogon bangonta ce, wanda yanzu yake buga sha uku. Ya ce agogon ne ya zo da lahani. Ta sauke tukunya, ta shiga ɗaki. Ta ɗan jima a ciki. Sannan ta fito da jakar faifan mai zanen kuraye ta miƙa masa.

"Baban Lombe, gogewa ka ce."

"Gogewa na ce, Maman Lombe."

Ya wuce rumfarsa ta bayan gida, inda tsohon injin juyinsa yake, yana mamakin yadda mata ke saurin yarda da gwani.

Dabarar kuwa a wurinsa mai sauƙi ce. Kowace waƙa tana kan layinta a zagaye, tsakanin waƙa da waƙa akwai ɗan fili mai santsi da yatsa ke ji. A yanka ta wurin filin, a sami zobe biyar, a sauya musu wuri, a manne. Ya ɗaura faifan a inji, ya kunna, ya sa wuƙa. Baƙin gari ya tashi ya rufe masa gira. Kafin kaji su gama tonon safe, ga zobba biyar a kan tebur, daga babba zuwa ƙarami. Ya ja da baya ya yaba wa kansa da babbar murya.

Sai ya ɗauki ƙaramin zoben, na "Jiniya", ya kai shi waje inda farko yake, ya ga bai kai ko rabin wurin ba. Ya ɗauki babban, na "Mu Koma Gida", ya kai shi tsakiya, ya ga sauran duka sun shige cikinsa. Ya juya su, ya kifa su, ya rufe ido ɗaya. Ƙarami ya ƙi girma, babba ya ƙi ƙanƙancewa.

Ya ce ƙarfe ma da wuta yake jin magana, balle roba. Ya hura kurfoti, ya riƙe ƙaramin zoben a kan garwashi har ya yi laushi, ya cusa shi a gindin kofi, daga kofi zuwa gindin kwano, daga kwano zuwa gindin tukunyar tuwo, yana ja yana hurawa. Wari ya cika layi. Mai tuyar fanke ta leƙo ta kan shinge ta tambaya ko taya ake ƙonawa, don masu saye sun fara cewa fankenta na ɗanɗanon takalmi. Ya ce mata ta yi haƙuri, tarihi ake gyarawa. Ta ce to a gyara shi ta inda iska ba ta bi.

Babban zoben kuwa sai ya yanke masa kashi biyu cikin uku, ya lanƙwasa ragowar, ya haɗa bakinsa. Ya ce waƙar da ma ta cika tsawo.

Ana cikin haka Jere ya shigo da kwalin ashanarsa a aljihu. Ya tsaya a bakin rumfa. Ya dubi zobban da ke rataye a ƙusa suna shan iska kamar kilishi. Ya cire hularsa kamar wanda ya tarar da gawa.

Da bakinsa ya buɗe, tambaya ɗaya ya yi: "Fuska ta biyu fa?"

Kapembwa kam ya manta sam cewa faifai na da baya, kuma wuƙar da ta raba waƙoƙin gaba ta bi ta tsakiyar na baya. Amma ya yi gyaran murya ya ce fuska ta biyu ai cikon wuri ce, Nkandu da bakinsa ya gaya masa.

"Maman Lombe ta sani?"

"Za ta sani ranar Asabar, lokacin da ake tafa mini."

Jere ya ce shi dai ba zai kai mata wannan labari ba, don yana da jikoki da ke son sa. Kapembwa ya nemi aron allura ya gwada aikinsa, Jere ya dafe aljihu ya ce allura ɗaya ce a garin, kuma ba zai aurar da ita ga mahaukaci ba. Kapembwa ya ce da ma gwani ba ya gwaji.

Zobban ba su haɗu da juna ba, sai ya manne su a kan tiren shayin matarsa da gam ɗin facin taya, ya cike ramukan da kwalta, ya huda tsakiya. Ranar Alhamis ya karɓo garmahon ƙungiya da sunan zuba masa mai. Garmaho ya ƙi juya tiren don nauyi. Ya kwance injin fankar falo ya ɗaura masa, har da maɓallanta uku. Tire ya juya. Ya ce to.

Tun da hannu ya yi zafi, ranar Juma'a ya waiwayi fim. Idan an gyara faifai aka bar fim a birkice, ai an yi kitso an bar ƙeya. Ya karɓo aron kaset ɗin, ya buɗe shi, ya zaro zaren, ya sa reza da salatif. Ya san daidai wurin da ƙeyarsa take, don zaren ya ƙoƙe a nan saboda yawan mayarwa. Ya kai kaset ɗin shagon masu kwafi aka juyo masa wurin sau shida, ya dasa ko'ina. Bayan ƙeyar akwai wani dogon yanki da ya taɓa hangowa, wani mutum zaune a kujera yana ta magana ba kiɗa. Ya yanke shi gaba ɗaya. Zaren da ya cire bai yi asararsa ba, ya ɗaɗɗaure a kan tumatirinsa, yana walƙiya yana korar tsuntsaye.

Asabar ta zo. Aka ja labulen zauren taro don hasken rana, aka jera benci. Tsofaffi suka zo da wandunansu masu faɗin ƙafa waɗanda suka daina rufuwa a ciki. Mata suka kawo tuwo da busasshen kifi. Tsoho Sikazwe ya iso bayan kwana guda a mota, ƙanƙanin mutum mai sanda, yatsunsa na ta bugun gwiwarsa ba ya ma sani. Aka zaunar da shi a gaba. Maman Lombe ta zauna a bayansa da jakar cefanenta a cinya.

Jere ya ba da shawarar a fara da fim, don a cewarsa gara a ci na sanyi kafin na zafi. Aka kunna. Fim ya buɗe da jana'izar mai jita. Daga nan sai ƙeya. Sai ga mai jitar ya tashi yana tsalle a dandali. Sai ƙeya. Aka nuna Kurayen suna rabuwa, kowa ya kama hanyarsa, sannan aka nuna su suna haɗuwa karon farko suna tambayar sunan juna. Sai ƙeya. A karo na huɗu wata tsohuwa ta ce ita fa ta san ƙeyar nan, ta marigayi mijinta ce, ga tabon da ta yi masa da muciya. Kapembwa ya ce ƙarya ne. Aka ce ya juya a gani. Ya ƙi juyawa.

Fim ya ƙare. Tsoho Sikazwe ya waiwaya a hankali ya tambaya ina shi kansa a cikin fim ɗin. Ya ce mutanen talabijin sun zaunar da shi a kujera rabin yini yana ba su labari, kuma bai taɓa ganin fim ɗin ba, shi ya sa ya yi wannan doguwar tafiya.

Mai tuyar fanke ta ce, "Baba, kana kan tumatir."

Kafin a nemi ƙarin bayani, Kapembwa ya yi wuf ya hau dandali ya ce fim ai share fage ne, ga babban aiki nan. Ya yi jawabi a kan kuskuren shekara talatin. Ya yaye zanen da ya rufe garmaho. Jama'a suka ga tiren shayi da baƙaƙen zobba a kansa, kwalta na naso. Wani ya tambaya ko abinci ne. Waɗanda suka gane suka juya suna kallon Maman Lombe. Ita kuwa tana zaune, hannu biyu a kan jaka, fuskarta kamar ruwan randa.

Jere ya sa allura. Kapembwa ya danna maɓalli na ɗaya. Aka ji ƙara kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, sannan wata murya mai kauri ta fito a hankali, ba jita, ba ganga.

"Kada ma'aikaci ya sa hannu a aikin da ba a sa shi ba," in ji muryar. Allura ta yi tsalle ta faɗa zoben waje. "Kapembwa." Ta sake tsalle ta koma. "Kada ma'aikaci ya sa hannu a aikin da ba a sa shi ba. Kapembwa."

Duk wanda ya taɓa shiga falon Kapembwa ya san muryar nan. Fasto ne ya fara dariya. Kapembwa ya ce injin ne bai ɗau zafi ba, ya danna na biyu. Muryar ta koma ta mace, tana faɗin abu ɗaya da sauri. Ya danna na uku. Muryar ta koma ta ɓera, tire ya fara kuka, gam ya saki. Zobe na farko ya tashi ya kwashe hular Jere. Na biyu ya faɗa cikin miyar kifi. Na uku ya fita ta taga, aka ji kare ya yi ƙara. Na huɗu ya gangara tsakanin benci yana rangaji, ya zo ya kwanta a ƙafar tsoho Sikazwe. Na biyar ya zauna daram a kan tire yana ta juyawa.

Fasto ya zare waya daga bango. Da zaure ya lafa, Maman Lombe ta buɗe jakar cefanenta, ta warware wani zane, ta fito da faifai baƙi wuluk, ko ƙwarzane babu.

"Shekara talatin da biyar ina aurenka, Baban Lombe," ta ce. "Ka ce gogewa, sai na ba ka naka ka fara koyo a kansa."

Kapembwa ya sunkuya ya ɗauki zoben da ke ƙafar tsoho. Ya shafa shi da yatsan nan da yake gani da shi. Faifansa ne, na sunan goma sha tara. Amma hali zanen dutse, sai ya juya ga Sikazwe ya ce duk da haka maganarsa na nan, a gaya wa jama'a gaskiya, ba masu buga faifai ne suka birkita jerin ba?

Tsoho ya ce, "Ɗana, kai aikin safe ka yi ko?"

"Shekara talatin da ɗaya."

"To mu biyar ɗin nan 'yan aikin dare ne. Gari na wayewa muke fitowa daga rami mu koma gida, mu yi barci, mu tashi mu yi kiɗa, jiniya ta kira mu a ƙarshe. Haka yininmu yake, haka muka jera shi. Ai duk na faɗa a fim."

Jere, yana kakkaɓe hularsa, ya ce lalle ya faɗa, tsuntsayen lambu ma sun ji.

Aka kwance injin fanka, aka mayar wa garmaho da nasa. Ƙungiya ta yanke hukunci nan take cewa Kapembwa ya je ya kwanto tsoho daga kan tumatir kafin a yi ruwa, ya kawo wa Jere, kuma kada ya manna komai da komai. Ya tattara zobbansa, har wanda aka tsamo daga miya, ya zura su a hannu kamar awarwaro. A bakin ƙofa ya tsaya ya gaya wa mai tuyar fanke cewa shi da ma ya san 'yan aikin dare ne, gwada ƙungiya ya yi. Ta ce ya biyo ta gidanta ya gwada famfo.

Maman Lombe da kanta ta ɗora faifan, ta sauke allura. Jita ta tsage, ganguna suka shigo, yatsun tsoho Sikazwe suka kama bugun daidai a kan gwiwarsa. Muryar Nkandu ta cika zauren, saurayi kamar jiya, ƙanwarsa ta rufe ido. Waƙar farko ce, "Mu Koma Gida". Zaure cike da mutane ba wanda ya motsa daga wurinsa, sai mutum ɗaya da ya bi umarnin waƙar, yana tafe zobba na kaɗawa a hannunsa.

Nan ta tsaya, ni ma nan na ɗaga allurata.